Dalilin da ya sa sautin faifan kwafi ke raguwa, da hanyoyin inganta shi

Duk da cewa wayar salula da katin memori sun ƙwace kasuwar waƙoƙi a Najeriya, faifan CD bai gama ɓacewa ba. Har yanzu ana jin sa a motocin haya da na gida, da shagunan masu sayar da waƙoƙi, da gidajen da suka tara faya-fayai tun lokacin da kaset ya fara ja da baya. Ƙorafin da ake yi a kansa kuwa bai sauya ba. Mutum zai sayi faifan kwafi, ko ya biya a ɗora masa waƙoƙi, idan ya zo saurare sai ya ji murya ta dushe, kiɗa ya cakuɗe, ko faifan ya riƙa tsalle a tsakiyar waƙa.

Lamarin ya wuce batun jin daɗin kunne. Da yawa daga cikin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo, da Barmani Coge, da Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015, sun iso hannun jama'a ne ta hanyar kwafi a kan kwafi: daga faifan garmaho ko zaren gidan rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan zuwa CD, sannan zuwa waya. Masu muryoyin sun kwanta dama, babu damar a sake ɗaukar su. Kwafin da aka yi da sakaci yau, yana iya zama shi kaɗai ne zai rage a hannun jikoki.

Yadda faifan CD ke adana sauti

Kamfanonin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka haɗa gwiwa suka tsara faifan CD. Sun fitar da ƙa'idojinsa a 1980, aka fara sayar da shi a Japan a watan Oktoba na 1982. Bambancinsa da kaset shi ne, CD ba ya riƙe sauti da siffarsa ta asali, lambobi yake riƙewa. Na'ura tana auna sautin sau 44,100 a kowane sakan, ta rubuta kowane awo da bit 16, a ɓangarori biyu, dama da hagu. Idan aka haɗa, faifan yana fitar da kimanin kilobit 1,411 a sakan ɗaya.

An zaɓi wannan adadi ne saboda kunnen ɗan Adam. Matashi mai lafiyar ji yana kama sauti daga mai kaɗawa sau 20 a sakan, wato ƙugi mai kauri, har zuwa mai kaɗawa sau 20,000, wato sauti siriri matuƙa. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa sai yawan awo ya zarce ninki biyu na sautin da ya fi kowanne sirantaka kafin a iya dawo da shi daidai. Awo 44,100 ya isa ya rufe duk abin da kunne ke ji, har da ɗan rara.

Abin da ya kamata a fahimta daga wannan shi ne, lamba ba ta gajiya da kwafi. Idan aka karanta lambobin faifai daidai, aka rubuta su daidai a wani faifan, na biyun zai yi sauti iri ɗaya da na farkon, ko da an maimaita hakan sau ɗari. Saboda haka, duk faifan kwafin da sautinsa ya gaza na asali, akwai wurin da aka yi ɓari a hanya. Wuraren ɓarin guda uku ne: tushen da aka ɗauko waƙar, yadda aka karanta ta, da yadda aka rubuta ta.

Ɓari na farko: tushen waƙar

Mafi yawan faya-fayan da ake ɗorawa a shaguna ba daga faifan asali ake kwafo su ba, daga fayilolin MP3 ne da ke cikin kwamfutar mai shago. Tsarin MP3, wanda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka taka babbar rawa wajen ƙirƙirarsa, aka kuma wallafa ƙa'idarsa a 1993, an yi shi ne domin rage nauyin fayil. Waƙar minti biyar da ke cin kimanin megabait 53 a tsarin CD, takan koma ƙasa da megabait biyar idan aka matse ta zuwa kilobit 128. Wato an zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya na bayanan.

MP3 yana yin haka ne ta hanyar cire sautukan da lissafi ya nuna kunne ba zai lura da su ba, musamman ƙananan sautuka da wani mai ƙarfi ya danne. A matsi na farko, idan an yi shi da kyau, mutane da yawa ba sa jin bambanci. Matsalar tana tasowa ne idan aka sake matse wanda aka riga aka matse. Misali, a ɗauko waƙa daga bidiyon intanet, wanda sautinsa matsattse ne tun farko, a mayar da ita MP3, a ɗora a CD, wani ya kwafe daga CD ɗin ya sake mayar da ita MP3. Kowane zagaye yana tafiya da wani abu, kamar garin da ake ta tankaɗewa ana zubar da abin da ya rage a rariya. A ƙarshe sai tafi da kacau-kacau su riƙa yin wani irin sauti kamar daga cikin ruwa, muryoyin 'yan amshi su narke cikin juna.

Akwai kuskuren fahimta guda biyu da suka yaɗu a nan. Na farko shi ne zaton cewa idan aka mayar da MP3 zuwa WAV, ko aka ɗaga shi daga kilobit 128 zuwa 320, ingancinsa zai ƙaru. Fayil ɗin zai yi nauyi, amma abin da aka zubar ba ya dawowa. Na biyu shi ne zaton cewa tura fayil daga waya zuwa waya, ko daga filash zuwa kwamfuta, yana rage sautinsa. Tura fayil kamar yadda yake ba ya taɓa ko lamba ɗaya a cikinsa. Sauya shi daga wani tsari mai matsi zuwa wani ne ke yin ɓarna.

Mafita ita ce a nemi tushe mafi kusa da asali. Idan akwai faifan kamfani, a kwafo daga gare shi zuwa WAV ko FLAC. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage nauyin fayil da kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. Idan kuwa babu abin da ya rage sai MP3, a zaɓi mafi girman kilobit da aka samu tun daga tushe, a ɗora shi sau ɗaya. Mai son tantancewa zai iya buɗe fayil a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ya duba hoton zangon sautin. Idan ya ga an yanke saman hoton ƙat a wajajen 16,000, alama ce mai ƙarfi cewa fayil ɗin ya taɓa bi ta MP3 mai ƙarancin kilobit, ko da yanzu sunansa WAV.

Ɓari na biyu: karanta faifan asali

Faifan CD yana da kaurin milimita 1.2. Hasken leza yana shiga ta ƙasa, ya ratsa roba mai garai-garai, ya bugi wani siririn shafe na alminiyam, ya dawo. Wannan shafen yana kusa da saman faifan ne, dab da ɓangaren da ake rubuta suna. Shi ya sa karce a sama ya fi karce a ƙasa haɗari. Na ƙasa yana kare haske ne kawai, ana iya goge shi. Na sama yana iya ɓantare bayanan gaba ɗaya.

Masu tsara CD sun san faifai zai karce, don haka suka saka masa tsarin gyaran kuskure wanda ke iya cike giɓin da ya kai kimanin milimita 2.5 a tsawon layi ba tare da an rasa komai ba. Idan giɓin ya wuce haka, na'ura takan yi hasashen abin da ya ɓace ta hanyar duba lambobin gaba da na baya. Idan ya yi yawa sosai, sai a ji ƙas-ƙas ko tsalle. Manhajar kwafi ta gama-gari takan karanta faifai sau ɗaya da sauri, ta karɓi hasashen ko kuskuren, ta rubuta shi a sabon faifai a matsayin gaskiya. Daga nan lahanin ya zauna a duk kwafin da za a yi daga baya.

Matakin farko shi ne tsabta. A goge faifan da ƙyalle mai taushi, daga tsakiya a miƙe zuwa baki. Layin bayanan CD yana zagaye ne kamar nadin gammo, yana farawa daga tsakiya, don haka karcen da ya bi zagayen zai lalata dogon layi guda, alhali wanda ya ratsa a miƙe yana taɓa ɗan kaɗan ne daga kowane layi, tsarin gyara ya cike shi. Mataki na biyu shi ne amfani da manhajar da ke karantawa da tabbaci, irin su Exact Audio Copy wadda ta fito a 1998. Irin wannan manhaja tana maimaita karanta duk wurin da ta yi shakka a kansa har sai sakamako ya daidaita, kuma tana iya gwada abin da ta samu da rumbun AccurateRip, inda ake ajiye sakamakon wasu da suka kwafi faifai iri ɗaya. Aikin yana ɗaukar lokaci, amma sau ɗaya ake yin sa.

Ɓari na uku: rubuta sabon faifai

Faifan kamfani da faifan da ake ɗorawa a shago ba abu ɗaya ba ne. Na kamfani, da injin matsi ake buga masa ƙananan ramuka a jikin roba. Faifan CD-R kuwa yana da shafen rini ne, leza ta ƙona masa ɗigo-ɗigo waɗanda na'ura ke karantawa kamar ramuka. Idan rinin marar kyau ne, ko an ƙona shi da gudun da ya fi ƙarfinsa, ɗigon ba ya fita sarai, na'urar saurare ta yi ta fama da kurakurai. Tsofaffin na'urorin mota, waɗanda idonsu ya yi rauni ga kuma girgizar hanya, su ne kan fara nuna gazawa.

Na'urorin kwamfuta suna iya rubutu da gudun da ya kai ninki 48 ko 52, kuma mai shago da ke da layin jama'a yakan zaɓi mafi sauri. Sauri kuwa ya haifi nawa. Matsakaicin gudu, kamar ninki 8 zuwa 16, yakan ba da rubutu mai tsabta. Sauka ƙasa ainun ma ba dole ne ya taimaka ba, domin faya-fayan zamani an yi rininsu ne don gudu mai ɗan yawa. Haka nan a fifita CD-R a kan CD-RW, saboda wanda ake gogewa a sake rubutawa ba ya mayar da haske da ƙarfi, tsofaffin na'urori da yawa ba sa karanta shi.

Wajibi ne kuma mai saye ya san irin faifan da yake biya. Faifan sauti na ainihi ba ya wuce minti 80. Duk faifan CD da aka ce yana ɗauke da waƙoƙi ɗari ko fiye, faifan fayiloli ne da aka cika da MP3, wanda a kilobit 128 yana iya ɗaukar sama da awa goma sha biyu. Yawa ne aka saya da farashin inganci. Ga doguwar waƙa da aka raba gida-gida, ko wasan da aka ɗauka a bainar jama'a, a zaɓi tsarin rubuta faifai gaba ɗaya a zama guda, domin ɗaya tsarin yana saka shirun sakan biyu tsakanin kowane kashi, ya yanke amshi a tsakiya. A ƙarshe a rufe faifan, a kuma bar manhaja ta gwada abin da ta rubuta da tushen.

Launin faifai, ko baƙi ne ko ruwan zinare, ba ya ƙara wa waƙa zaƙi. Muddin na'ura ta karanta lambobin ba kuskure, sauti ɗaya za ta fitar. Amfanin faifai mai kyau shi ne sauƙin karantuwa da daɗewa.

Idan tushen kaset ne ko garmaho

A nan ne aikin ya fi buƙatar haƙuri, kuma a nan ne mafi yawan tsofaffin waƙoƙin Hausa suke. Kaset, wanda Philips ya gabatar a 1963, yana tafiya da gudun santimita 4.76 a sakan, kuma kowane kwafi daga kaset zuwa kaset yana ƙara huci, yana rage kaifin sauti. Rikoda mai gida biyu da ake kwafi da ita da gudu ninki biyu ta ƙara ta'azzara wannan. Don haka kafin a taɓa kwamfuta, a fara da neman kaset mafi tsufa a jerin kwafin. Kaset na kamfani da ya sha saurare yakan fi sabon kwafi na biyar.

Daga nan sai rikodar kanta. A goge kan da ke karanta zare da 'yar tayar robar da ke jan sa, da auduga da ɗan sifirit, a bari su bushe. Idan bel ya saki, gudun zai riƙa hawa da sauka, murya ta riƙa lilo. Gudun da ya ƙaru da kashi shida cikin ɗari kacal yana ɗaga murya da rabin mataki, dattijon mawaƙi ya koma kamar saurayi. Akwai kuma ɗan sukurun da ke gefen kan, wanda ke saita karkatarsa. Idan karkatar ba ta dace da ta na'urar da ta ɗauki kaset ɗin ba, sautin zai fito a dushe kamar an rufe lasifika da bargo. A juya sukurun a hankali ana saurare har sai muryar ta washe. Wannan ɗan gyaran na minti biyu yana dawo da abin da babu manhajar da za ta iya dawo da shi daga baya.

A haɗa rikoda da kwamfuta da waya kai tsaye. Kara wayar salula a bakin lasifika yana kwaso amon ɗaki, da kukan janareta, da hayaniyar titi. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma wannan kaɗawa takan shiga ɗauka a matsayin ƙugi marar yankewa. Sau da yawa cire cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, a bar ta a kan batir lokacin ɗauka, yana kashe ƙugin.

Faifan garmaho yana da nasa sharaɗin. Masu buga shi sukan rage sauti mai kauri, su ƙara siriri, bisa ƙa'idar da masana'antar Amurka ta tsayar a 1954, don haka sai an bi da shi ta na'urar da ke mayar da ma'aunin daidai, in ba haka ba ganga za ta fito ba nauyi. Tsofaffin faya-fayai masu juyi 78 a minti suna buƙatar allura mai kauri ta musamman, kuma ba a goge su da sifirit, domin yana narkar da sinadarin da aka yi su da shi.

Ƙungiyar ma'adanan sauti da bidiyo ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada ɗauka don adanawa ta gaza awo 48,000 a sakan da bit 24, kuma ma'adanai da yawa suna amfani da 96,000. A wannan mataki na sama, awa ɗaya tana cin kimanin gigabait biyu. Wannan fayil shi ne uwa. A ajiye shi yadda yake, a yi duk wani gyara a kan kwafinsa, a sauko da shi zuwa ma'aunin CD a matakin ƙarshe.

Iyakar abin da gyara zai yi

Manhaja tana iya rage huci, ta cire ƙas-ƙas ɗin allura, ta yanke ƙugin lantarki. Sai dai ba ta san bambancin huci da kiɗa ba. Shafar baka a kan tsirkiyar goge, da numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti, da zirin sautin kuntigi, duk suna zaune ne a zangon da huci yake. Idan aka tsananta sharewa, su ma sai su tafi, murya ta koma kamar daga cikin gwangwani. Garin neman gira sai a rasa ido. Ɗan hucin da ya rage ba aibi ba ne, kunne yakan manta da shi bayan minti ɗaya.

Haka batun ƙara. Sautin lambobi yana da rufin da ba a wuce shi. Idan aka tura ƙara ta bugi rufin, sai a sare kan kowane bugu, kuma bugun kalangu da na kotso, da yake suna tashi farat ɗaya, su ne kan fara fashewa. Abin da ya dace shi ne a bar bugu mafi ƙarfi ya tsaya kimanin desibel ɗaya ƙasa da rufin. Mai son ƙara yana da maɓalli a rediyonsa, amma kan da aka sare ba ya tsirowa.

Adanawa

Rinin CD-R ba ya jure rana da zafi. Jagorar da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a 2003 ta ba da shawarar ajiye faya-fayai a yanayin da ke tsakanin digiri 4 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyas. A Sakkwato da Maiduguri da Kano kuwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Ƙurar hunturu tana karce faifan da aka bari tsirara, damshin kudu kuma yana kawo fumfuna, musamman ga zaren kaset. A ajiye faifai a tsaye cikin gidansa, a wuri mai duhu da sanyi. Kada a manna masa takarda, domin tana karkatar da nauyinsa yayin juyi. Idan za a rubuta suna, wuri mafi aminci shi ne da'irar tsakiya marar shafe.

Faifan kwafi na saurare ne, bai dace a dogara da shi a matsayin ma'aji ba. Fayilolin uwa su kasance a wurare uku, ɗaya daga ciki a wani gida daban ko a ma'ajin intanet. Ga masu kaset, lokaci ma yana ƙurewa. A 2019 hukumar UNESCO da IASA sun ƙaddamar da wani shiri na jan hankali a kan cewa na'urorin karanta zaren maganaɗisu da kayan gyaransu suna ƙarewa a duniya, ta yadda kaset zai iya rayuwa amma a rasa abin da za a saurare shi da shi.

Abin da doka ta ce

Inganta kwafi bai ba kowa izinin sayar da shi ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, tana kuma kare ɗaukar sauti na shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da ita. Ke nan waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya har yanzu suna da masu haƙƙi. Buga su a faifai domin kasuwa ba tare da izini ba laifi ne, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin bin sawu.

Wanda ya gaji akwatin kaset ko tarin faya-fayan garmaho, kuma ba shi da kayan aiki, zai fi kyau ya guji saka su a na'urar da bai amince da ita ba, domin rikoda mai cin zare tana iya hallaka kwafi ɗaya tilo cikin sakan kaɗan. Ya tuntuɓi sashen adana kayan tarihi na gidan rediyo, ko sashen nazarin harsunan Najeriya na jami'ar da ke kusa da shi, ya kuma sanar da iyalan mawaƙin idan abin da ke hannunsa ba a saba jin sa ba.